Juye, Filta da Wankin Cikin Inji: Bayani a kan Aikin Baƙin Mai a Injin Mota

Tsakure

Baƙin mai na daga cikin abubuwan da lafiyar injin mota ta rataya a kansu, sai dai mafi yawan bayanan da suka shafe shi a rubuce suke cikin Ingilishi ko Faransanci, a jikin galan da cikin littafin da kamfani ke haɗo mota da shi. Wannan ya sa masu motoci da direbobi da dama suke dogaro da ido da yatsa wajen yanke hukunci a kan mai, wato su dubi launinsa su kuma murza kaurinsa. Maƙalar ta yi bayani cikin Hausa a kan aikin baƙin mai, da ma'anar lambobin da ke jikin galan, da dalilan lalacewarsa, da aikin filta, da kuma al'adar wanke cikin inji da kananzir ko man gas. Ta nuna cewa launi da kauri ma'aunai ne masu rauni, kuma juye a kan kari da man da ya dace da filta ta ƙwarai shi ne ke hana taruwar dattin da ake neman wankewa.

Fitilun kalmomi: baƙin mai, juye, filta, laka, wankin cikin inji

1.0 Gabatarwa

Mota da babur da adaidaita-sahu sun zama wani ɓangare na rayuwar Bahaushen yau. Da su ake fatauci da noma da zumunci, kuma gidaje da yawa abincinsu na fitowa ne daga abin hawa guda ɗaya. A irin wannan gida, ranar da aka ce inji ya buga rana ce ta tashin hankali, domin kuɗin sauke inji da sake kayan cikinsa ya ninka kuɗin juye sau da yawa, ga kuma kwanakin da za a yi babu aiki. Duk da haka, ilimin da ke hana aukuwar wannan asara bai samu gurbi sosai a rubutun Hausa ba. Yana nan a bakin kanikawa a gareji, ana gadonsa daga maigida zuwa yaro, wani sashensa ingantacce, wani kuma ya dace ne da injunan da aka daina ƙerawa.

Manufar wannan maƙala ita ce shimfiɗa wannan ilimi cikin Hausa ta hanyar da za a iya bin dalilinsa daki-daki. An fifita kalmomin da masu sana'a suke amfani da su, inda kuma babu tsayayyar kalma sai a siffanta abin da aikinsa.

2.0 Kalmomin Sana'a

Kalmar baƙin mai harɗaɗɗen suna ne na sifa da suna. Abin lura shi ne sabon man inji ba baƙi ba ne, launinsa ya fi kusa da na zuma. An raɗa masa sunan ne daga kamannin da yake fitowa da su bayan ya yi aiki, aka kuma bambanta shi da fetur, wanda shi ne kai ke kawowa idan aka ce mai kawai. Juye kuwa daga aikatau juya ya samo asali, kamar yadda ake juye hatsi daga buhu ko ruwa daga tulu. A gareji yana nufin tsiyaye tsohon mai da zuba sabo. A Jamhuriyar Nijar akan ji kalmar Faransanci vidange, wadda ita ma ma'anarta ta asali ita ce fitar da abin da ke cikin mazubi. Akwai kuma kalmar sabis, wadda ta fi juye faɗi, don takan haɗa da sake fulogi da filtar iska da duba birki.

Sassan inji yawancinsu aro ne da aka hausantar: fistan, ringi, bawul, fulogi, lagireto, filta. A cikinsu ana ganin sauye-sauyen da aka saba gani a aron kalmomi, irin su komawar sautin p zuwa f da v zuwa b, da saƙala wasali tsakanin baƙaƙe. Akwai wuri ɗaya da kalma take kawo ruɗani. Wankin inji na iya nufin wanke bayansa da ruwa da sabulu a wurin wankin mota, yana kuma iya nufin zuba wani abu a cikinsa don ya narkar da datti. Na biyun shi wannan maƙala ta kira wankin cikin inji. Dattin da ke daskarewa a cikin inji kamar kwalta kuwa an kira shi laka.

3.0 Aikin Baƙin Mai a Cikin Inji

Injin da ke gudu 3,000 a minti ɗaya, babban sandan da fistan-fistan ke juyawa yana kewayawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Wannan sanda yana kwance ne a kan wasu ƙarafa masu laushi da kanikawa ke kira metal, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba a mafi yawan injuna. Famfon mai yana zuƙo mai daga kaskon da ke ƙasan inji ta cikin wata rariya, ya tura shi cikin filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa wannan tazara. Muddin man yana isa da ƙarfi, sandan yana yawo ne a kan shimfiɗar mai, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Da zarar shimfiɗar ta yanke, ko da na ɗan lokaci ne, sai gogayya ta haifar da zafin da ke cinye metal. Abin da ake nufi ke nan da bugawar inji.

Bayan hana gogayya, mai yana kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin fistan. Yana cike 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda don kada ƙarfin ƙonewar fetur ya zurare. Yana kare ƙarfe daga tsatsa. Yana kuma ɗauke datti ya riƙe shi a jikinsa har ranar juye. Wannan aiki na ƙarshe shi ne ginshiƙin fahimtar sauran bayanan da za su biyo baya.

3.1 Abin da Man ya Ƙunsa

Man inji gauraye ne na abu biyu. Na farko shi ne tushen mai, wanda shi ne kaso mafi rinjaye. Wani tushen ana tace shi ne kai tsaye daga ɗanyen mai, wani kuma ana sarrafa shi sosai ko a harhaɗa shi a masana'anta, shi ake kira sintetik. Irin wannan na biyu ya fi jure zafi, kuma ya fara yaɗuwa a kasuwar motoci a shekarun 1970, lokacin da aka fito da Mobil 1 a 1974. Abu na biyu shi ne sinadaran ƙari. A cikinsu akwai masu wanke jikin ƙarfe da kashe tsami, da masu rarraba ƙwayoyin toka don kada su dunƙule, da masu rage zaizayewa irin su ZDDP mai ɗauke da zinki, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1940, da masu hana kumfa, da masu daidaita kauri. Waɗannan sinadarai ƙarewa suke yi da aiki. Man da sinadaransa suka ƙare zai iya kasancewa da santsi a yatsa alhali ya daina kare inji.

3.2 Lambobin Jikin Galan

Rubutu iri biyu ne ya kamata mai saye ya karanta. Na farko shi ne na kauri, irin 20W-50 ko 5W-30, wanda ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ta tsara. Harafin W farkon kalmar hunturu ne a Ingilishi. Lambar da ke gabansa tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi: gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon saurin isar mai sassan inji lokacin da aka tayar da shi. Lamba ta biyu tana nuna kaurin man a zafin digiri 100 na ma'aunin Salsiyas. A wannan zafi, mai lamba 30 kaurinsa yana tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin sentistok, mai lamba 50 kuwa tsakanin 16.3 da 21.9. Lambobin ba maki ne na inganci ba, 50 ba ta fi 30 kyau ba, ta fi ta kauri ne kawai.

Rubutu na biyu shi ne na matakin inganci, wanda cibiyar man fetur ta Amurka, API, ke bayarwa. Harafin S na injin fetur ne, C kuma na injin gas. Harafin da ke biye yana ci gaba da zamani: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. A injin fetur sabon mataki yana iya maye gurbin tsoho, amma tsoho ba ya wadatar da injin da aka ƙera don sabo. Babura da yawa kuwa mai ɗaya ne ke aiki a inji da giya da kuloci, saboda haka suna buƙatar man da ke ɗauke da alamar JASO MA ta ƙasar Japan. Man mota mai sinadaran ƙara santsi yakan sa kulocinsu ya riƙa sulɓewa.

4.0 Lalacewar Mai da Lokacin Juye

Abubuwa huɗu ne ke kashe mai. Na farko zafi, wanda ke sa mai ya haɗu da iska ya yi tsami ya yi kauri. Masana sinadarai suna da ƙiyasin da ya samo asali daga aikin Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin, cewa saurin irin wannan lalacewa yakan kusan ninkawa a duk ƙarin digiri 10. Na biyu ruwa. Ƙona lita ɗaya ta fetur yana samar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa yana fita ta salansa, kaɗan kuma yana zurarewa ta gefen ringi ya shiga mai. Idan inji ya yi zafi sosai na tsawon lokaci ruwan yakan ƙone ya fita, amma motar da ba ta wuce gida zuwa ofis na 'yan mintoci ba takan tara shi. Na uku fetur da toka da ke zurarewa ta wannan hanya. Na huɗu ƙura.

Batun ƙura ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Inji yana shaƙar iska kimanin lita 9,000 kafin ya ƙone lita ɗaya ta fetur. A lokacin hunturu iskar arewa maso gabas tana ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ga kuma ƙurar hanyoyin da ba su da kwalta. Ƙwayoyin yashi sun fi ƙarfen inji tauri. Duk wadda ta kuɓuce wa filtar iska takan goge bangon silinda da ringi, sannan ta gangara cikin mai. Ke nan filtar iska da ta yage, ko wadda aka yi ta bugawa da hura mata iska har ta huje, tana gajarta ran baƙin mai komai tsadarsa.

4.1 Raunin Shaidar Ido da Yatsa

An saba zare gejin mai a duba: idan ya yi baƙi a ce ya mutu, idan yana nan garau a ce da sauransa. Wannan hukunci yana iya zama akasin gaskiya. Mai nagari yana yin duhu ne saboda sinadaransa sun kwaso toka sun riƙe ta, kuma a injin gas yakan yi baƙi cikin 'yan kwanaki da juye ba tare da ya lalace ba. Jabun mai da ba shi da sinadaran wanki kuwa yana iya daɗewa da haskensa, domin ya bar dattin ya kwanta a jikin inji. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta sha kama irin wannan mai a kasuwanni, wanda wani lokaci tushen mai ne zalla aka ɗura a galan mai kyan tambari. Hausawa na cewa araha ba ta ado.

Akwai dai abubuwan da geji ke nunawa da gaskiya. Yana nuna yawan mai, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin alamomi biyu. Idan ya gaza, famfo na iya zuƙar iska. Idan ya wuce, sandan inji yakan kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaukar nauyi. Man da ya koma launin shayi da madara alama ce ta ruwan lagireto ya shiga. Ƙarfin warin fetur alama ce ta man ya tsinke. Ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki alama ce ta wani sashe yana cinyewa. Jar fitilar mai da ke gaban direba kuwa a yawancin motoci ƙarfin tura mai take aunawa, don haka idan ta kama a cikin tafiya abin yi shi ne a tsaya a kashe inji nan take.

4.2 Batun Kauri

Akwai ra'ayi mai ƙarfi a gareji cewa zafin ƙasarmu sai mai mai kauri, shi ya sa 20W-50 ya zama kamar na kowa da kowa. Ra'ayin yana da tushe. Injunan da aka yi zamani da su, irin na Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, sun dace da mai mai kauri, kuma a kansu ne manyan kanikawa da yawa suka koyi aiki. Gaskiya ne kuma cewa zafi a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Sai dai zafin da mai ke aiki a cikinsa, wato wajen digiri 90 zuwa 110, tsarin sanyaya inji ne ke da babban tasiri a kansa. Injunan zamani kuma suna da matsattsun hanyoyi, wasunsu ma da ƙarfin mai suke sarrafa lokacin buɗewar bawul, kamar tsarin VVT-i na Toyota. Mai mai kauri fiye da kima yakan yi jinkirin isa waɗannan wurare da safe, lokacin da aka fi samun zaizayewa, ya kuma ƙara shan fetur. Mafita ita ce a koma ga abin da kamfani ya rubuta a littafin mota ko a kan murfin zuba mai. Wasu littattafan sun ba da zaɓi gwargwadon zafin ƙasa, to a zaɓa daga cikin abin da suka lissafa.

Wata al'ada mai alaƙa da wannan ita ce cire bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, da nufin kada inji ya yi zafi. Sakamakonta shi ne inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ruwa da fetur su taru a cikin mai, laka ta samu wurin zama.

4.3 Yaushe Ake Juye?

Tsohuwar ƙa'idar Amurka ita ce juye a duk mil 3,000, wato kimanin kilomita 4,800. Da ingantuwar mai da injuna, kamfanoni da yawa sun tsawaita ta zuwa tsakanin kilomita 8,000 da 16,000. Amma littattafan motoci sukan zo da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙi mai tsanani, kuma na biyun sau da yawa rabin na farko ne. Abubuwan da ake lissafawa a tuƙi mai tsanani su ne hanya mai ƙura, da gajerun tafiye-tafiye, da daɗewar inji yana aiki mota na tsaye, da ɗaukar kaya masu nauyi. Duk wanda ya san zirga-zirgar Kano ko Zariya ko Maraɗi zai ga cewa wannan jadawali na biyu shi ne ya fi dacewa da mafi yawan motocinmu.

Kilomita kaɗai ma ba ta isa ma'auni ba. Motar da ta yi kilomita 5,000 a babbar hanya da gudun 80 injinta ya yi aikin sa'o'i kusan 63. Wadda ta yi wannan nisa a cikin gari da matsakaicin gudun 20 injinta ya yi sa'o'i 250. Ma'aunin gaban direba zai nuna lamba ɗaya, amma man ta biyun ya sha wuya ninki huɗu ta fuskar lokaci. Haka kuma motar da ke ajiye man cikinta yana tsufa, shi ya sa jadawali ke haɗa nisa da watanni, duk wanda ya riga cika shi ake bi.

5.0 Filtar Mai

Injunan farko ba su da filta ta kirki, rariya ce kawai. A 1923 Ernest Sweetland da George Greenhalgh suka ƙirƙiro filtar da aka sa wa suna Purolator a Amurka. Wannan ta farko wani ɓangare kaɗan na mai take tacewa a lokaci guda. Daga baya aka koma tsarin da dukkan man da famfo ya turo sai ya ratsa filta kafin ya isa inji, kuma a shekarun 1950 aka fito da irin gwangwanin da ake murzawa a cire gaba ɗaya.

A cikin gwangwanin akwai takarda ta musamman da aka nannaɗe don ta samu faɗi, tana kama ƙwayoyin da girmansu ya kai wajen maikiron 20 zuwa 40, alhali kaurin gashin mutum yana wajen maikiron 70. Akwai kuma bawul biyu. Ɗaya yana hana mai komawa kasko idan an kashe inji, don kada a tayar da shi da safe hanyoyinsa a bushe. Ɗayan kuma ƙofar gaggawa ce: idan takardar ta toshe, sai ya buɗe mai ya wuce ba tare da tacewa ba, domin mai mai datti ya fi rashin mai. Wannan hikima tana da wani sakamako da ya kamata a sani. Filtar da ta cika ba ta ba da wata alama. Mota za ta ci gaba da tafiya lami lafiya a zahiri, alhali tacewa ta tsaya.

Daga nan za a fahimci illar al'adar sake filta sau ɗaya a juye biyu ko uku, da ta wanke ta da fetur a mayar. Tsohuwar filta tana riƙe da tsohon mai da zai gauraya da sabo nan take, kuma fetur ba ya fitar da ƙwayoyin da suka nutse cikin takarda. Jabun filta kuwa daga waje ba ta da bambanci da ta ƙwarai. Bambancin yana ciki: takarda kaɗan, ko manne mai saki da zafi, ko bawul da ba ya rufewa. Wajen ɗaura sabuwa ana shafa ɗan mai a robar bakinta, a tabbata tsohuwar robar ba ta maƙale a jikin inji ba, a ɗaure da hannu, sannan a tayar da inji a duba yoyo.

6.0 Laka da Wankin Cikin Inji

Idan sinadaran mai suka ƙare ba a yi juye ba, toka da ruwa da ƙonannen mai sukan dunƙule su zama laka. Tana kwanciya a ƙarƙashin murfin bawul da cikin kasko da hanyoyin mai. Sanannen misali shi ne na wasu injunan Toyota da Lexus da aka sayar a Amurka tsakanin 1997 da 2002, wato 1MZ-FE mai silinda shida da 5S-FE mai silinda huɗu, waɗanda ke cikin motoci irin su Camry da Avalon da Sienna da RX300. Masu motoci sun yi ƙorafin laka tana kashe musu inji. Kamfanin ya danganta matsalar da jinkirin juye, masu ƙorafi kuma suka danganta ta da ƙirar injin. A 2002 kamfanin ya amince da ɗaukar nauyin gyara har tsawon shekara takwas ga wanda ya nuna shaidar kula da motarsa, a 2007 kuma aka sasanta wata ƙarar haɗin gwiwa da ta shafi motoci sama da miliyan uku. Darasin da ke ciki shi ne wasu injunan ba su da haƙurin jinkiri ko kaɗan. Motoci da yawa na wannan zamani sun shigo Afirka ta Yamma a matsayin na hannu, irin waɗanda ake kira 'yan Kwatano, kuma wanda ya saya yawanci bai san tarihin juyensu ba.

A nan ne ake ba da shawarar wankin cikin inji. Hanya ɗaya ita ce a zuba sinadarin da aka yi don haka a cikin tsohon mai, a bar inji yana aiki a tsaye na minti 10 zuwa 15, sannan a juye. Hanya ta biyu, wadda ta fi arha, ita ce amfani da kananzir ko man gas. Haɗarin wannan ta biyu a fili yake idan aka kwatanta kauri. A zafin digiri 40, kananzir bai wuce sentistok 2 ba, man gas yana tsakanin 2 da 4.5, alhali man 5W-30 yana wajen 60. Ruwa mai wannan tsinkewa ba zai iya raba sanda da metal ba. Bugu da ƙari, juye ba ya fitar da komai ƙarƙaf, saboda haka ragowar kananzir za ta tsinka sabon man da aka zuba.

Haɗari na biyu ya shafi hanyoyin duka biyu. A injin da laka ta yi yawa, wanki ba narkar da ita yake yi gaba ɗaya ba, yakan ɓamɓaro ta gutsure-gutsure. Gutsuren sukan gangara kasko su toshe rariyar famfo, mai ya yanke, injin da ke tafiya jiya ya buga yau. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Haka kuma a tsohon inji laka takan toshe wuraren da roba ta bushe, idan aka wanke sai yoyo ya bayyana. Kamfanonin General Motors da Honda duk sun sanar da dillalansu cewa wankin cikin inji ba ya cikin ayyukan kulawa da suke ba da shawara.

Saboda haka ana iya kasa injuna gida uku. Wanda ake yi wa juye a kan kari ba ya buƙatar wanki, domin sinadaran mai suna yin wannan aiki kullum. Wanda ke da laka kaɗan, hanya mafi aminci ita ce a yi masa juye biyu ko uku a gajeriyar tazara da mai nagari da sabuwar filta kowane karo, dattin ya fita sannu a hankali. Wanda laka ta cika shi kuwa sai a buɗe murfin bawul da kasko a kankare da hannu, a wanke rariya. Buɗe murfin bawul a duba kafin yanke hukunci aiki ne mai sauƙi, kuma shi ke nuna gidan da inji ya faɗa.

7.0 Makomar Mataccen Mai

Aikin juye bai kammala ba sai an san inda tsohon mai ya tafi. Ana shafa shi a katako don gara, ana zuba shi a kwata ko a ƙasa don kwantar da ƙura, wasu ma suna shafa wa dabbobi masu ciwon fata. Wannan mai yana ɗauke da burbushin ƙarafa da sinadaran ƙonewa waɗanda gwaji a kan dabbobi ya nuna suna haddasa sankarar fata idan ana yawan cuɗanya da su. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa man juye ɗaya zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. A unguwannin da rijiya da gareji ke maƙwabtaka wannan abin dubawa ne. Abin da ya dace shi ne a tara shi a mazubi mai murfi, kada a gauraya shi da wani abu, a miƙa wa masu sake tacewa. Yaran gareji kuma su riƙa wanke hannu da sabulu maimakon fetur.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta yi bayanin cewa baƙin mai gauraye ne na tushe da sinadarai masu ƙarewa, kuma zafi da ruwa da toka da ƙura su ke cinye shi. An ga cewa launi ba ya nuna mutuwar mai, kauri ba ya nuna ingancinsa, filtar da ta toshe ba ta ba da alama, kuma wankin cikin inji ya fi haɗari a injin da ake ganin ya fi buƙatarsa. Abin da ke tsawaita ran inji shi ne bin lambar da kamfani ya rubuta, da jadawalin tuƙi mai tsanani, da sake filta a kowane juye, da rubuta kwanan wata da kilomitar da aka yi shi.

Ga masu nazarin Hausa, wannan fage yana da aiki a gaba. Kalmomin gareji suna buƙatar a tattara su daga Kano da Sakkwato da Damagaram da sauran garuruwa, a kwatanta aron Ingilishi da na Faransanci, a daidaita rubutunsu. Akwai kuma buƙatar fassara jadawalin kula da abin hawa da bayanan jikin galan zuwa Hausa, da haɗin gwiwar sassan koyar da injiniyanci da ƙungiyoyin kanikawa, domin direban da ya karanta 5W-30 da SN ya san abin da yake biyan kuɗinsa.